Yadda za ka tantance katun ɗin Japan mai labarin rikiɗa da shigar wani jinsi kafin ka ba yaro

Shagona yana Jekadafari a nan Gombe, cajin waya nake yi da tura fina-finai. A da abin da aka fi nema shi ne fassarar Indiya da shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango. Yanzu kuwa duk yaron da ya miƙo mini memori, daga ɗan ƙaramar sakandare har ɗalibin jami'a, da wuya ya tafi bai tambayi anime ba, wato katun ɗin Japan. Ni ma mai kallo ne tun kafin in buɗe shago, ina kuma karanta manga, littattafan zanen da ake ciro yawancin katun ɗin daga cikinsu. Shi ya sa iyaye ke zuwa mini da wata tambaya da ta fi kowace yawa. Sun leƙa wayar yaro sun ga namiji cikin kayan mata, ko ana cikin kallo yaro ya koma yarinya. Mene ne wannan, a hana ko a bari?

Abin da nake faɗa musu shi ne ba abu ɗaya ba ne. Abubuwa ne daban-daban da suka yi kama a ido. Wani bai wuce wasa ba, wani tarihi ne mai nauyi, wani kuma ko babba bai kamata ya ajiye shi a wayarsa ba. Wanda ya yi musu kuɗin goro, ɗayan biyu ne zai same shi: ko ya hana yaro abin da ba shi da illa har yaron ya koma kallo a ɓoye, ko ya bar mugun ya shige tare da mai kyau. Ga yadda nake rarrabewa kafin in saka wa yaro wani abu a memori.

Da farko ka tabbatar da abin da ka gani

Masu zanen Japan suna yawan zana samari da dogon gashi, manyan idanu da siririyar haɓa, sai ka rantse mace ce. A farkon Naruto akwai wani yaro mai suna Haku, yaron Zabuza, wanda Naruto da kansa ya ɗauka budurwa ce da suka haɗu a daji, sai da yaron ya faɗa masa cewa shi namiji ne. Murya ma tana ruɗarwa, domin a can mata ne ke yin muryar yara maza. Junko Takeuchi ce muryar Naruto, Mayumi Tanaka ce Luffy na One Piece, Masako Nozawa kuma ita ce Goku na Dragon Ball tun 1986. Saboda haka kada hoto ɗaya ko sautin murya ya sa ka yanke hukunci. Ka tambayi yaron wane ne wannan kuma me ya kawo shi cikin labarin. Yawancinsu za su zayyana maka tun daga kakansa.

Sai ka tambayi dalili

Nan ne aikin yake. In ka tabbata an yi shigar wani jinsi ko an rikiɗa, ka nemi abin da ya jawo hakan a cikin labarin.

Mafi sauƙi shi ne ɓad da kama don wani aiki. A Demon Slayer, zangon da aka nuna daga ƙarshen 2021 zuwa farkon 2022, Tengen Uzui ya sa Tanjiro da Zenitsu da Inosuke sun yi shigar 'yan mata, aka lafta musu hoda da jan baki, aka sauya musu suna zuwa Sumiko da Zenko da Inoko, don su shiga wata unguwa su nemo aljanar da ta ɓuya a can. Abin dariya ne, kamar dai yadda yaranmu ke yi a tashe, wani ya manna gemun auduga wani ya ɗaura zanen babarsa, ana gamawa kowa ya koma kamanninsa. Amma ka lura, abin dubawa a wannan zangon ba kwalliyar ba ce. Unguwar da suka shiga Yoshiwara ce, tsohuwar unguwar karuwai ta birnin Tokiyo, ga kuma sare kai da jini a kusan kowane faɗa. Sau da yawa uba zai zo yana faɗa a kan jan baki alhali abin da ya fi dacewa ya dame shi yana gefe bai gani ba.

Kashi na biyu shi ne wanda na fi ganin darajarsa: yarinyar da aka rena a matsayin namiji saboda gado ko yaƙi. Wannan yana da tushe mai nisa a Japan. Wasan dandamalinsu na gargajiya, kabuki, mace ce ta fara shi wajen 1603, sunanta Izumo no Okuni. A 1629 hukuma ta hana mata hawa dandamalin, daga nan maza suka riƙa fitowa a matsayin mata, har yau kuma haka ake yi. Can a 1913 wani attajiri mai kamfanin jirgin ƙasa, Ichizo Kobayashi, ya kafa ƙungiyar wasa ta mata zalla a garin Takarazuka don ya jawo fasinjoji zuwa ƙarshen layin dogonsa. A wannan ƙungiyar mata ne ke fitowa a matsayin maza, da takobi da rigar soja. A wannan garin Osamu Tezuka ya tashi, mutumin da suke ɗauka uban manga, kuma mahaifiyarsa takan kai shi kallon wasan tun yana ƙarami. Da ya girma sai ya zana Princess Knight a 1953, labarin gimbiya Sapphire da aka sanar wa jama'a cewa namiji aka haifa, domin dokar masarautar ta hana mace gadon sarauta, ga kuma wani mugun basarake yana jira ya ɗora ɗansa. Wanda ya san wannan tarihin zai gane cewa ga Bajapane, mace da takobi cikin kayan maza tsohuwar al'adar dandamali ce, ba sabon abu ne da aka ƙirƙiro jiya don ɓata yaran wasu ba.

Wanda ya fi kowane shahara a wannan layin shi ne The Rose of Versailles na Riyoko Ikeda, wanda ya fito a mujallar 'yan mata daga 1972 zuwa 1973, aka yi katun ɗinsa mai kashi 40 a 1979. Wasu sun fi saninsa da Lady Oscar. Wani janar ne a Faransa ya yi ta haihuwar mata, da aka haifi ta shida sai ya raɗa mata sunan maza, Oscar, ya koya mata takobi da hawan doki, har ta zama shugabar dogaran sarauniya Marie Antoinette. A fada an san mace ce. Abin da labarin ya sa a gaba shi ne yunwar talakawan Faris da almubazzarancin fada, da yadda Oscar ta bar ɓangaren sarauta ta koma bayan talakawa, ta mutu ranar da aka fasa kurkukun Bastille a watan Yuli na 1789. Na san ɗalibai da suka fara jin labarin juyin juya halin Faransa daga nan kafin malamin tarihi ya zo kansa. Ina ba 'yan babbar sakandare shi ba tare da fargaba ba, sai dai nakan gaya wa iyaye akwai soyayyar sarauniya da wani baƙo ɗan Suwidin alhali tana da aure, don su san da zancen. Dororo ma nan ya faɗo, wani labarin Tezuka da aka sake yi a 2019: ƙaramin ɓarawon da ke bin jarumin ashe yarinya ce da iyayenta suka rena a matsayin namiji a zamanin yaƙe-yaƙe. Shi kam jininsa ya yi yawa ga ƙananan yara.

Akwai na makaranta, irin su Ouran High School Host Club na 2006. Haruhi 'yar talaka ce da ta samu gurbi a makarantar 'ya'yan masu kuɗi, ta fasa wani tulun ado na yen miliyan 8, aka ɗauka namiji ce saboda gajeren gashi da tsohuwar rigar sanyi, sai ta ci gaba a haka don ta biya bashi. Ita Haruhi ba ta da matsala. Amma aikin ƙungiyar da ta shiga shi ne samari su zauna suna yi wa 'yan mata daɗin baki, akwai tagwaye maza da ke wasan kamar masoya ne don burge 'yan kallo, mahaifinta kuma a mashaya yake aiki cikin shigar mata. Ba na saka wa yaro shi sai babba a gidansu ya sani.

Kashi na uku shi ne rikiɗa ta sihiri ko la'ana, inda jikin ne da kansa ke canzawa. Uban wannan layin shi ne Ranma ½ na Rumiko Takahashi, wanda ya fito daga 1987 zuwa 1996 cikin littafi 38. Ranma da mahaifinsa sun je horon faɗa a wani wuri a ƙasar Sin mai suna Jusenkyo, mai tafkuna da yawa, kowane tafki da abin da ya taɓa nutsewa a ciki. Duk wanda ya faɗa sai ya ɗauki siffar abin. Uban ya faɗa na dabbar fanda, ɗan ya faɗa na wata budurwa. Tun daga ranar, ruwan sanyi ya taɓa Ranma sai ya koma yarinya mai jan gashi, a zuba masa ruwan zafi ya dawo namiji. Shi ya sa za ka ga kullum ana yawo da butar shayi a cikin katun ɗin. Abokin hamayyarsa Ryoga ɗan alade yake komawa, Shampoo kyanwa, Mousse agwagwa. Ranma bai so abin ba, kullum neman magani yake, yana nanata cewa shi namiji ne, kuma an riga an yi masa baiko da Akane. Ta fuskar labari ke nan babu kiran kowa ya canza halittarsa. Matsalar tana wani wuri. Tsohon katun ɗin na 1989 yana nuna ƙirjin mace a buɗe ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, akwai kuma wani tsoho, Happosai, wanda sana'arsa satar kamfan mata, ana mayar da abin raha. Sabon da kamfanin MAPPA ya fara fitarwa a watan Oktoba na 2024 ya rage bayyanawar, amma wuraren wanka suna nan. Ban yarda in saka wa ɗan firamare ko ɗan ƙaramar sakandare shi ba, tsoho ko sabo.

Your Name na Makoto Shinkai, fim ɗin 2016, musayar jiki ne. Mitsuha 'yar ƙauye da Taki ɗan Tokiyo sukan farka kowa a jikin ɗan'uwansa, suna bar wa juna saƙo a waya, daga baya labarin ya juya zuwa ga tauraruwa mai wutsiya da ta faɗo wa garin yarinyar. Fim ne mai taɓa zuciya, zanensa kuma ba a magana. Abu biyu nake faɗa wa iyaye a kansa. Akwai wata raha da ake maimaitawa ta yaron yana taɓa ƙirjin jikin da ya farka a ciki. Sannan labarin a kan addinin gargajiyar Japan ya ginu, Mitsuha mai hidima ce a ɗakin bautarsu, ana kai wa abin bautar hadaya. A ganina wannan na biyun ya fi buƙatar bayani ga yaro Musulmi ko Kirista fiye da musayar jikin, wadda ko yaro ya san tatsuniya ce.

Kashi na huɗu shi ne wanda yake buƙatar a zauna. Nan babu la'ana, babu ɓad da kama, mutumin ne da bakinsa ke cewa shi ba jinsin da aka haife shi ba ne, labarin kuma yana goyon bayansa. A One Piece akwai Bon Clay, wanda ya fito tun kafin kashi na 100, namiji mai kwalliya da rawa, wanda daga baya ya sadaukar da kansa don Luffy ya tsira har yara ke kuka saboda shi. Bayan kashi na 430, a kurkukun Impel Down, akwai Ivankov mai ikon mayar da namiji mace ko mace namiji nan take. A zangon Wano, bayan kashi na 890, akwai Kiku, wanda aka haifa namiji amma yake cewa zuciyarsa ta mace ce. Wandering Son na Takako Shimura, da aka yi katun ɗinsa a 2011, shi kacokan a kan wannan yake: yaro ɗan makaranta mai son zama yarinya da yarinya mai son zama yaro, babu dariya, babu sihiri. Mu kuwa mun san hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Wandering Son ba na ajiye shi a shago. One Piece kuwa ya haura kashi 1000, waɗannan mutanen ɗan yanki ne a ciki, kuma babu yaron da ke kallon anime a Gombe da bai san Luffy ba. Hana shi gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne ka san inda wuraren suke, in yaro ya kusa isowa ka zauna ku kalla tare.

Na ƙarshe ba na ɓata lokaci a kansa. Akwai waɗanda rikiɗar hujja ce kawai ta nuna jikin mace. Onimai na 2023, inda ƙanwa ta ba yayanta magani ya koma yarinya 'yar ƙaramar sakandare, da Ayakashi Triangle, suna cikin waɗanda zanensu ke da laushi da launi kamar na ƙananan yara, shi ya sa suke shige wa iyaye. Kada ka bari.

Binciken minti goma

Ba sai ka zama makallaci ba. Karɓi sunan katun ɗin daga bakin yaron, ka rubuta shi a shafin MyAnimeList. Turanci ne, amma kalmomi kaɗan kake nema. A gefen hoton akwai jerin alamomi. In ka ga Crossdressing, akwai shigar wani jinsi. In ka ga Magical Sex Shift, akwai rikiɗa. In ka ga Ecchi, akwai tsiraici da raha ta batsa, wannan ita ce alamar da ta fi muhimmanci, ko babu sauran biyun. A ƙasa akwai ma'aunin shekaru: G da PG na yara ne, PG-13 daga shekara 13, R na manya saboda jini da zagi, R+ akwai tsiraici, Rx kuwa batsa ce tsagwaronta. Kada ka dogara da PG-13 ido rufe, domin abin da suke ganin ya dace da ɗan shekara 13 ba shi ne namu ba.

Daga nan ka buɗe katun ɗin da kanka. Kalli waƙar buɗewa, minti ɗaya da rabi ce, yawanci tana tona halin shirin gaba ɗaya. Kalli kashi na farko, sannan ka tsallaka tsakiya, ka ja gaba kana dubawa. Shirye-shirye da yawa suna da kashin da ake zuwa bakin teku ko gidan wankan ruwan zafi, to shi za ka nema, nan ne mai zane ke nuna niyyarsa. Abin da nake lura da shi a lokacin rikiɗa shi ne inda hoton ya tsaya. In a fuska ya tsaya, ana nuna firgici ko kunya ko fushi, labari ake bayarwa. In ya sauka ƙirji da cinya yana jan lokaci a wurin, ka rufe, ka gama bincike. Wannan gwajin bai taɓa ba ni kunya ba. Ko Naruto da kowa ya yarda da shi yana da irin wannan tun a kashi na farko, inda yake rikiɗa ya zama budurwa tsirara cikin hayaƙi don ya ruɗa malaminsa. Daƙiƙu kaɗan ne, amma gara ka sani.

Ka kuma san cewa shiri ɗaya yana iya zuwa iri biyu. Lokacin da aka fara juya Sailor Moon zuwa Turanci a Amurka a shekarun 1990, an mayar da Zoisite mace alhali namiji ne a na asali, daga baya aka ce wasu mata biyu, Haruka da Michiru, 'yan'uwa ne alhali masoya ne. Juyin da aka sake yi daga 2014 ya maido da komai yadda yake. Wanda ka kalla kana yaro a talabijin ba lallai ne ya zama shi ne ke wayar ɗanka ba.

Maganar da za ka yi da yaron

Wata Hajiya daga Herwagana ta taɓa shigowa shagon riƙe da hannun jikanta, ɗan kimanin shekara 12, ta ajiye waya a kan teburina.

"Ɗana, duba mini wannan. Ɗan daudu na gani a ciki yana rawa."

Na duba, Bon Clay ne. Na ce, "Hajiya, gaskiya kika gani, ba gizo idonki ya yi miki ba. Amma bari mu ji ta bakinsa." Na juya ga yaron na tambaye shi me ya sa yake son mutumin.

Kansa a sunkuye ya ce, "Yaya, shi ne ya tsaya a baya ya buɗe musu ƙofa suka gudu. Ya san za a kama shi."

Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce, "To ka ji. Riƙon amanar nan ka ɗauka, halin kirki ne a wurin kowa ka gan shi. Shigar kuwa ba tamu ba ce, addininmu ya hana, ka ji ko?" Ya ce ya ji. Ta ce in bar masa, amma duk ranar da zai ƙaro sabo da ita za su zo.

Yadda ta yi ɗin nan nake so iyaye su yi. Ka fara tambayar yaro me ya gani kafin ka gaya masa me ka gani, domin sau da yawa abin da ya tsaya maka a rai shi bai ma kula da shi ba, faɗan da abotar yake bi. Ka faɗi hukuncin addini a fili, ba kwana-kwana, amma da murya irin ta mai koyarwa. Kuma ina roƙon iyaye da yayye, don Allah kada a kira yaro ɗan daudu don an gan shi yana kallon katun, ko don shi mai sanyin hali ne mai son zane. Na ga yaran da wannan kalmar ta sa suka daina nuna wa kowa a gida abin da ke wayarsu. In ka ga yaro ya nace wa irin labaran kashi na huɗu su kaɗai yake nema, wannan ba maganar duka ko gori ba ce, magana ce ta uba da ɗa a ɗaki, ba a gaban ƙannensa ba.

Ƙwace waya kaɗai ba ya magani, domin a makaranta da islamiyya da filin ƙwallo yara na tura wa juna ta Xender cikin minti biyu, ba data ba kuɗi. Abin da ya fi aiki shi ne ka zama kai ne mai zuwa shagon turi, ko ka aiko yaro da sunayen da ka riga ka duba a rubuce a takarda. Kada ka ce wa mai shago ya cika memori da katun, domin da yawanmu folda guda muke kwafewa ba mu san rabin abin da ke ciki ba. In an dawo da memorin, ka buɗe ka ƙirga foldodin, ka ga ko sun yi daidai da abin da ke takardar. Wanda ba ka san sunansa ba, ka ajiye shi gefe sai ka duba.